Doguwar Gada ko Tudun Ciko: A Kan Me Za A Ɗora Layin Jirgi Mai Gudun Kilomita 300?

Jirgin ƙasan da ke gudun kilomita 300 a awa yana cinye mita 83 cikin daƙiƙa guda. A irin wannan gudu, 'yar lotsawar da direban mota zai wuce ta kanta bai ma san da ita ba tana iya girgiza tarago, ta cinye ƙafafun jirgi, ta sa a rage gudu a wurin har sai an gyara. Shi ya sa duk hukumar da ta zauna tsara irin wannan layi, tun ba a zo maganar taragun da za a saya ba, akwai hukuncin da dole ta yanke: a tara ƙasa a daddaɓe ta, a yi tudu a shimfiɗa dogo a kai, ko kuwa a kafa ginshiƙai a ɗora doguwar gada ta kankare wadda za ta yi ta miƙawa ko da babu kogi babu kwari a ƙarƙashinta?

Kowane ɓangare yana da hujjar da zai nuna. Faransa ta buɗe layin Faris zuwa Lyon a 1981, kusan dukkansa a kan ƙasa, ana yanke tudu a cike kwari, babu ramin ƙarƙashin dutse ko ɗaya, kuma har yau yana cikin layukan da suka fi ɗaukar fasinja a Turai. Ƙasar Sin kuwa ta buɗe layin Bejin zuwa Shangai a 2011, mai tsawon kilomita 1,318, fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa a kan gada. A cikinsa ne gadar Danyang zuwa Kunshan take, kilomita 164.8 ba yankewa. Duka layukan biyu suna aiki lafiya, kuma masu tsara kowannensu ƙasar da ke gabansu suka duba suka zaɓa.

Abu biyu ne suka bambanta wannan layi da layin dogo na yau da kullum. Na farko, ba ya iya kauce wa abin da ya tare shi. A ƙa'idar Sin, layin da aka tsara don gudun kilomita 350 ba ya yin kwanar da ta fi ta da'ira mai nisan mita 7,000 daga tsakiya zuwa gefe matsewa. Idan fadama ce a gaba, ko ƙauye, ko gonaki, ba kewayewa, sai a ratsa. Na biyu, ba ya jure nutsewar ƙasa. Inda aka ɗaure ƙarfen dogo a kan shimfiɗar kankare maimakon tsakuwa, nutsewar da ake yarda da ita bayan an gama gini ba ta wuce milimita 15. Wannan adadi shi ne ya tura injiniyoyi da yawa kan gada.

Ƙasar da ke ƙarƙashi

Tudun ciko nauyi ne aka ɗora wa ƙasa. Idan ƙasar mai ƙarfi ce, tsakuwa ko dutse ko jar ƙasa mai tauri, takan ɗauki nauyin ta zauna cikin 'yan watanni, shi ke nan. Idan kuwa laka ce mai ruwa, irin ta bakin manyan koguna da gaɓar teku, nauyin yana matse ruwan da ke cikinta a hankali, ƙasar kuma ta yi ta nutsewa shekara da shekaru. Akwai dabarun gaggauta abin: a soka magudanai cikin lakar don ruwan ya samu hanyar fita, a ƙara jibga ƙasa fiye da yadda ake buƙata a bar ta ta danne na wani lokaci sannan a kwashe, ko a cakuɗa lakar da siminti. Duk suna aiki, amma suna cin lokaci, kuma a ƙarshe lissafin nutsewar da ta rage hasashe ne.

Gada ba ta dogara da ƙasar sama. Ana haƙa ramuka masu zurfi, a zura rodi a zuba kankare, su zama turaku da ke kai nauyi can ƙasa inda ake da tauri, wani lokaci mita hamsin ko fiye. A kan turakun ake kafa ginshiƙi. Yankin da gadar Danyang ta ratsa, tsakanin Nanjin da Shangai, shinkafa ake nomawa, ga tafkuna ga magudanan ruwa, ƙasar duk laushi. A irin wannan wuri ban ga abin muhawara ba, gada ce.

Japan ta koyi wannan darasi da wuri. Layinta na farko, Tokaido Shinkansen tsakanin Tokiyo da Osaka, wanda aka buɗe a 1964, kusan rabinsa a kan ciko da yankakkiyar ƙasa yake, da tsakuwa a ƙarƙashin dogo. Gyaran tsakuwa da daidaita dogo ya zama aikin kowane dare, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan sa a rage gudu ko a tsayar da jirage. Layukan da suka biyo baya, musamman Tohoku da Joetsu da aka buɗe a 1982, sai aka mayar da mafi yawansu kan gada da cikin ramukan dutse, aka koma shimfiɗar kankare.

Sai dai kada a ɗauka turaku suna maganin kowace irin nutsewa. A Taiwan, gadar Changhua zuwa Kaohsiung mai kilomita 157 ta ratsa yankin Yunlin, inda yawan jan ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse ya sa yankin gaba ɗayansa yake nutsewa. Idan ƙasar da ke can ƙasa da turakun ita ma tana sauka, gada za ta bi ta. Maganin da hukuma ta nema a can shi ne rufe rijiyoyi da taƙaita jan ruwa a kusa da layin, wato magani ne da ba ya hannun mai gini.

Akwai kuma hanya ta uku da ba a cika ambata ba. Holan, a layinta da ya tashi daga Amsterdam ya nufi iyakar Beljiyam, ta kafa turaku cikin lakarta ta ɗora shimfiɗar kankare a kansu dab da ƙasa. Gada ce a haƙiƙa, ba ta dai da tsayi. Inda ƙasa ke da laushi amma babu dalilin ɗaga layin sama, wannan ya cancanci a sa shi cikin lissafi.

Fili, da mutanen da ke kansa

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce tudun ciko mai tsayin mita 6, samansa mai faɗin mita 13 don layi biyu. Gefensa ba zai tsaya a miƙe ba, sai an kwantar da shi, kowace mita ɗaya ta tsayi ta ci kamar mita ɗaya da rabi a kowane ɓangare. Gindinsa ke nan ya kai mita 31, ban da magudanar ruwa da shinge. Ƙasar da za a zuba a kilomita ɗaya ta haura kubik mita dubu 130, wato sawun tifa kusan dubu tara idan kowace tana ɗaukar kubik 15. Daga ina za a haƙo wannan ƙasa? Idan layin yana ratsa tuddai, abin da aka yanke a nan shi ake zubawa a can, lissafi ya daidaita, kuma wannan ne sirrin arahar layukan Faransa. Idan kuwa shimfiɗaɗɗen fili ne ba tudu, sai an sayi wani filin an ƙwaƙule shi, an bar ramuka.

Gada kuwa faɗin samanta kimanin mita 12 zuwa 14 ne, abin da ke taɓa ƙasa kuma gindin ginshiƙi ne kawai. Manomi yana wucewa ta ƙarƙashi zuwa ɗaya ɓangaren gonarsa, dabbobi suna wucewa, hanyoyin ƙauye ba su yanke ba, ambaliya tana samun hanya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin tudun ciko a filin da ruwa ke malala madatsa ce, kuma kwalbati komai yawansu sukan toshe. Layi mai irin wannan gudu ba a yarda mota ko mutum ko dabba su tsallaka shi a ƙasa ɗaya ba, saboda haka duk hanyar da tudu ya yanke sai an gina mata gadar sama ko hanyar ƙarƙashi. A yanki mai cunkoso, kafin a ƙirga waɗannan ƙananan gadoji a haɗa da kuɗin diyya da shekarun shari'a, arahar ciko ta zube.

Abin da ya faru a Indiya ke nan. Layin Mumbai zuwa Ahmedabad mai kilomita 508, a tsarin farko an yi niyyar ɗora babban ɓangarensa a kan ciko, daga baya aka mayar da kimanin kilomita 460 kan gada, babban dalili kuwa shi ne rage filin da za a karɓa daga hannun jama'a. Ni ina ba wannan dalili nauyi fiye da yadda takardun lissafi ke ba shi. Ƙauyen da aka raba da gonakinsa da katangar ƙasa an raba shi ke nan har abada, kuma ba kowace asara ce diyya ke biya ba.

A inda babu jama'a kuwa lissafin yana juyawa. Layin Haramain tsakanin Makka da Madina, kilomita 450, da aka buɗe a 2018, mafi yawansa a kan ƙasa yake, matsalarsa ita ce yashin da iska ke kwasowa. Al Boraq na Maroko, tsakanin Tanja da Kenitra, shi ma na 2018, ya bi salon Faransa: ƙasa a mafi yawan hanya, gada a inda kwari ko laka suka tilasta, kamar gadar El Hachef mai kilomita 3.5.

Kuɗi, da abin da ke sa gada ta yi araha

A ƙa'ida, kilomita ɗaya na gada ya fi kilomita ɗaya na ciko tsada a kan ƙasa mai kyau, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. To ta yaya Sin ta gina gadoji masu wannan tsawo, amma wani nazarin Bankin Duniya na 2014 ya sami kuɗin layukanta masu gudun 350 tsakanin dala miliyan 17 zuwa 21 a kowace kilomita, alhali na Turai yana tsakanin 25 zuwa 39?

Arahar ma'aikata tana ciki, amma babban abin shi ne maimaitawa. Sin ta tsayar da awo ɗaya: tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi mita 32, da wani na mita 24 don cike gurbi. Abin da ake ɗorawa a kai dogon akwati ne na kankare mai rami a ciki, an ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe da aka ja da ƙarfi, nauyinsa kimanin tan 900. Ba a wurin ake zuba shi ba. Ana kafa masana'anta ta wucin gadi a gefen layi, a riƙa zuba akwatunan a cikin ma'auni ɗaya kamar yadda mai bulo ke buga bulo, a bar su su yi ƙarfi. Sannan wata mota mai tayoyi da yawa ta ɗauki guda ta bi ta kan gadar da aka riga aka gama har zuwa bakin aiki, inda wani injin ya karɓa ya sauke shi kan ginshiƙai biyu na gaba. Gadar ita ce hanyar da ake gina ta da ita, ba a taka gonar kowa da kaya mai nauyi. Kilomita ɗaya akwati talatin ne da ɗoriya, kuma idan aiki ya kankama ana iya ɗora fiye da ɗaya a rana. Daga baya ma sun fito da na mita 40 mai tan 1,000, wanda ke rage yawan ginshiƙai. Indiya ma na mita 40 take ɗorawa, kowanne kimanin tan 970.

Amma masana'antar nan da injinan nan kuɗinsu mai yawa ne, kuma ba sa biyan kansu sai an zuba ɗaruruwan akwatuna. Sin tana gama layi ta kwashe injinan zuwa wani layin. Ƙasar da za ta gina layi ɗaya, mai gadoji na kilomita biyu a nan uku a can, idan ta ɗauki farashin Sin ta sa a kasafinta, ta yaudari kanta tun a takarda.

Ga gada gajera ko matsakaiciya akwai wasu hanyoyi. Ana iya zuba akwatin gunduwa-gunduwa a masana'anta, a kawo a jera a ɗaure da igiyoyin ƙarfe. Haka aka gina gadar Colne Valley ta HS2, layin jirgi mai gudu na Birtaniya, a kusa da Landan: kilomita 3.4, gunduwa 1,000, mafi nauyinsu tan 140, aka ɗora ta ƙarshe a 2024. Amfanin wannan hanya shi ne tana karɓar kwana da tazara iri-iri, kuma gunduwar ba ta fi ƙarfin motocin da aka saba da su ba. Aibinta yawan mahaɗa, kowace mahaɗa kuma wuri ne da ruwa zai nemi shiga. Ana iya zuba kankaren a sama cikin ma'aunin ƙarfe mai tafiya daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, kamar yadda aka yi da yawa a Sifaniya da Jamus. Ba ya buƙatar babbar masana'anta, sai dai kowace tazara tana cin mako ɗaya zuwa biyu. Ana kuma iya zuba gadar a bakin kwari a riƙa tura ta gaba da injin matsi, wanda ya dace da kwari mai zurfi idan layin miƙaƙƙe ne ko kwanarsa ɗaya ce ba ta canzawa. Inda babban kogi ko kwazazzabo ya hana kafa ginshiƙi, sai gada ta musamman, irin bakan kankare na Almonte a Sifaniya mai tazarar mita 384. Waɗannan kowacce da zanenta da farashinta, kuma mai tsara layi nagari ƙoƙarinsa ya rage yawansu.

Gada ma tana da nata ciwon kai, kuma masu tallata ta ba su cika faɗa ba. Ƙafafun jirgi suna dukan gada a jere bisa tazara ɗaya. Taragu masu mita 25 a gudun kilomita 300, fiye da uku ne ke wucewa a daƙiƙa, idan kuwa wannan bugu ya dace da yadda gadar ke rawa da kanta, rawar sai ta riƙa ƙaruwa. An ga haka a wasu gajerun gadoji na layin Faris zuwa Lyon a farkon aikinsa, inda tsakuwar ƙarƙashin dogo ta riƙa sakewa. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta wajabta lissafin rawar gada idan gudu ya haura kilomita 200, kuma shi ya sa gadar jirgi mai gudu take da kauri da nauyi fiye da abin da ɗaukar kaya kaɗai ke buƙata. Wanda ya zo da tayin siririyar gada mai araha, a tambaye shi wannan lissafi.

Sai zafi da sanyi. Kankare mai tsawon mita 100 yana miƙewa kamar santimita ɗaya idan zafi ya ƙaru da digiri 10, ƙarfen dogon da ke kansa kuwa an yi masa walda ya zama guda ɗaya na kilomita da yawa. Gada na motsi, dogo na riƙe da ita, ƙarfi na taruwa a tsakani. Idan tsawon da ke miƙewa a gadar kankare ya wuce kimanin mita 90, yawanci sai an sa wa dogon na'urar miƙewa, ita kuma tana da tsada kuma tana son kulawa kullum. Wannan na cikin dalilan da gajerun akwatuna masu zaman kansu suka fi doguwar gada mai haɗe sauƙin sha'ani. Akwai kuma halin kankaren da aka ɗaure da igiya na yin ɗan doro sama a hankali cikin shekaru, don haka ake jinkirta shimfiɗa dogo har akwatin ya ɗan kwana biyu.

Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta karya ginshiƙan layin Sanyo Shinkansen, wasu sassan gada suka faɗo. An yi sa'a abin ya faru da asuba kafin jirgin farko ya tashi. Bayan nan Japan ta bi dubban ginshiƙai tana naɗe su da farantin ƙarfe. A wannan layin dai an sha fama da tsatsar rodi a wasu gadoji saboda yashin teku da aka yi kankare da shi ba a wanke gishirinsa sosai ba. Ciko idan ya zaizaye, katafila da tifa sukan mayar da shi cikin kwanaki. Ginshiƙin da rodinsa ya ci tsatsa a ciki kuwa gyaransa ba na kwanaki ba ne, kuma idon mai wucewa ba ya ganin ciwon. Ƙasar da ba ta da tabbacin sa ido a kan ingancin kowace motar kankare da aka zuba, ta yi tunani sosai kafin ta ɗora ɗaruruwan kilomita a sama. Haka nan ceto: a haɗarin Wenzhou ta ƙasar Sin na 2011, wanda matsalar sigina ta jawo ba gadar ba, jirage biyu sun yi karo a kan gada, taragu suka faɗo ƙasa, mutum 40 suka rasu. Matakalar saukowa da hanyar motar agaji dole su shiga zane tun farko.

To wanne za a zaɓa? Ga yadda nake gani. Idan ƙasa mai tauri ce, jama'a ba su da yawa, kuma akwai tuddan da za a yanke a yi ciko da su, a tsaya kan ƙasa, a gina gada inda kogi ko kwari ya tilasta kawai. Idan laka ce, ko filin ambaliya, ko gonaki da garuruwa a jere, kuma tsawon ya kai gomman kilomita, a hau gada, a tsayar da awo ɗaya, a hana kowane ɗan kwangila zuwa da nasa zanen. Inda tudun zai haura mita bakwai ko takwas a kan ƙasa mai rauni, gada ta fara cin riba ko da layin gajere ne.

Abin da na fi jin tsoro shi ne tsaka-tsakin da ake yi don a faranta wa kowa: gada mita ɗari biyar, ciko mita ɗari uku, gada kuma. Duk inda ciko ya haɗu da gada, dogo yana tashi daga abu mai ɗan laushi ya hau abu mai tauri da ba ya nutsewa. Cikon yana sauka kaɗan, gadar tana nan, sai ɗan mataki ya fito, kowane jirgi ya zo ya doke shi ya ƙara zurfafa shi. Ana rage wannan da cika bayan gadar da tsakuwa mai siminti wadda kaurinta ke raguwa a hankali cikin mita ashirin ko fiye, amma duk da haka waɗannan mahaɗu su ne wuraren da masu gyaran dogo suka fi komawa. Idan cikon da ke tsakanin gadoji biyu gajere ne, gara a haɗe su su zama gada ɗaya, ko da takardar farashi ta nuna ƙari a ranar sa hannu.